Lungun da Ba Ya Ƙona Ƙafa

Me ya hana shi sa hannu? Tambayar da ta hana ni sakat ke nan tun ranar da aka fitar da shi daga ɗakin nan. Maigidana tafin ƙafarsa ya mutu tun yana da ƙuruciya, kwalta ce ta cinye shi, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. To amma hannuwansa lafiyarsu lau. In yana son ya san ko hanyar da muka daɓe ta yi sanyi, da sai ya sunkuya ya dafa ƙasa, shi ke nan. Bai taɓa yi ba. Duk zaman da muka yi, ni yake sawa in cire takalmi in taka, in gaya masa. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce, "Kin taɓa ganin wanda ya tafi kasuwa da hannu?" Na yi dariya na bar zancen. Sai yanzu na ga ashe ba amsa ya ba ni ba, kuma babu wanda zan koma in tambaya.

Sunana Asabe. Ban yi karatun boko ba, jikata Hauwa ce take rubutawa ni ina faɗa. Na gaya mata in ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce.

Da ku nake, samarin lungunmu na Ƙofar Wambai. Kun san halin da ake ciki. Masu gyaran babban titi sun ce in sun gama za su zubo mana ragowar kwalta a lungu, masu mota har sun fara murna. Mai unguwa ya ba ku zuwa saukar ruwan farko. In kun gyara farin daɓen nan, a bar shi. In ba ku gyara ba, ba zai bar mutane su yi damina cikin taɓo ba, za a zuba kwalta. Ban ga laifinsa ba. Ni kuwa ina cikin takaba, kafin in fita damina ta yi nisa, ba zan samu tsayawa a kanku ba yadda na tsaya a kan iyayenku mata.

Shekaranjiya Ɗanlami, shugabanku, ya zo yi mini gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce, "Iya, ki kwantar da hankalinki. Ba fari ba ne kawai? Mun yi magana da wani mai fenti a Wunti, Asabar ɗaya mun gama."

Na ce, "Fenti? A ƙasa? To ku haɗa da kwalli da jan baki, sai mu raka lungun gidan miji."

Ya yi dariya, ni ma na yi, ita ce dariyata ta farko tun rasuwar. Amma da ya tafi sai na gane ba su san aikin ba. Shi ya sa na kira Hauwa.

Ɗakin farko da na taɓa sa wa madaɓi ɗakin wata amarya ne a bayan masallacin unguwa. Kafin wannan rana na daɗe ina bin Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina, wadda ita ce uwar masu daɓe a wannan yanki. Aikina ɗibar ruwa da jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya koma baƙi-baƙi. Hannuna ya rine, ƙawayena suna ce mini mai lalle ba biki. Ranar da ta miƙo mini madaɓi, na itacen ƙirya, mai nauyi, da faɗi kamar tafin hannun ƙato, sai na ɗaga shi sama da ƙarfina na maka. Ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce, "Ke, kishin wa kike yi da ƙasar nan? Ba dukanta za ki yi ba, lallashinta za ki yi har ta kwanta."

Mukan jeru a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa, muna waƙa muna bugu. Ku kuna jin waƙar daɓe kuna zaton nishaɗi ne. Ba nishaɗi ba ne kawai. Waƙar ce take sa madaɓai su sauka tare, in ɗaya ta riga ɗaya ƙasa takan tashi a nan ta lotsa a can. Gwaggo kuwa ba ta waƙa. Saurare take yi. In ta ji wani wuri yana amsawa kamar ganga, ta san akwai rami a ƙarƙashi, sai a fasa a sake. In ya amsa a dunƙule, ya yi. Kuma daɓe ba ya ƙarewa ranar da aka fara shi. Gobe zai tsage, ki yayyafa ruwa ki rufe tsagar da bugu. Jibi ya sake tsagewa kaɗan, ki sake. Haka har ya gaji ya daina. Ranar ƙarshe sai ta zuba ruwa cikin ludayi a tsakiyar ɗaki, mu tsaya muna kallon inda zai nufa. In ya kwanta wuri ɗaya ya yi tafki, ba mai cin abincin gidan sai an gyara.

Shi kuwa Malam, maigidana, lokacin da aka kai ni gidansa lebura ne a cikin masu zuba kwalta. A zamanin nan a duro ake dafa ta da itace, a ɗebo da gwangwani mai huji a bi titi ana tsiyayawa, wasu na binsu suna watsa tsakuwa. Takalmin kirki babu, tsumman buhu suke naɗewa a ƙafa. Yau ta ɗiga masa, gobe ya taka wadda ba ta huce ba, har fatar ta zama kamar ƙirgi. Kowace yamma sai na zaunar da shi na duba tafin ƙafarsa, domin yakan dawo da ƙaya ko ƙusa bai sani ba. Mutanen unguwa suna kiransa Baban Kwalta, kuma yana son sunan. Kada ku ɗauka yana ƙin kwalta. In muna tafe a gari yakan nuna mini titi ya ce, "Wannan da ni aka yi shi. Kafin shi, mai naƙuda a amalanke ake kai ta asibiti." Ya san amfaninta fiye da ku duka.

Wata bazara ce ta juya shi. Sallah ta gabato, ya ɗauki Binta, 'yarmu ta fari, tana ƙarama, zai kai ta Wunti a gwada mata takalmi. Ba takalmi a ƙafarta, shi za a sayo. Rana ta take suka hau babban titi. Yarinya ta fara tsalle tana ihu, shi kuwa yana riƙe da hannunta yana ja, yana cewa ta daina rigima mutane na kallo. Shi ma ƙafarsa ba takalmi, bai ji komai ba. Sai da wata mai sayar da goro ta daka masa tsawa, "Kai bawan Allah, ɗauki yarinyar nan, ƙafarta ce take dahuwa!" Ya dawo da ita a kafaɗa, tafin ƙafarta duk ya yi bororo. Na shafa mata man shanu na ɗaure. Shi kuwa ya zauna a zaure har magariba bai ci abinci ba. Da na leƙa, abin da ya ce kawai shi ne, "Titin nan ni na zuba shi."

A kwanakin da Binta take rarrafe da ɗaurarriyar ƙafa, sai ya lura da wani abu. Akwai wani gefe a tsakar gidanmu inda nake kwaɓa farar ƙasa in zan yi shafen bango, wurin ya yi fari fat saboda zubewa. Duk tsakar gidan, nan yarinyar take zuwa ta zauna, nan kaji ma suke kwanciya. Wata rana da azahar ya kira ni.

"Cire takalmi. Taka nan."

Na taka jan daɓen makuba, na ɗaga ƙafa da sauri.

"To taka can."

Na taka farin wurin, na tsaya.

"Wanne?"

Na ce, "Malam, wannan ai ko kaza ta sani."

Ya ce, "To ni ban kai kaza ba, sai an gaya mini."

Aikin lungu na farko daga zaurenmu ne zuwa tsohuwar rijiya, inda famfo yake yanzu. Ba a taɓa jin an yi daɓe a kan hanya ba. Daɓe aikin cikin gida ne, na mata, a bayan katanga. Matan aure masu ƙuruciya ba wadda mijinta ya bari ta fito, sai tsofaffi irin su Gwaggo, da ni da mijina ke tsaye a kaina. Muna fitowa bayan sallar asuba mu koma kafin rana ta yi ƙarfi. Maza na zaune a dakali suna kallo. Wani ya ce, "Baban Kwalta, an bar aikin gwamnati an koma aikin mata?" Malam bai ɗago ba, yana ta ja da shebur. Ya ce, "Kai ma a kan aikin matan ka kwana jiya, ban ji ka yi ƙorafi ba."

Abin da ya kawo daga aikin titi shi ne doro. Mu a ɗaki shimfiɗe muke yi, shi kuwa ya ce hanya dole tsakiyarta ta ɗan tashi kamar bayan kunkuru, ruwa ya gangara hagu da dama ya faɗa kwata. Ya ja igiya daga turke zuwa turke yana kwanciya a ƙasa yana leƙen ta da ido ɗaya. Ya cika wani tsohon duro da siminti, ya soka masa ƙarfe a tsakiya, ya zama rola, ana ja ana dannewa. Abin da ni na kawo shi ne madaɓi da kunne. Ƙasa muka sa burji, jar tsakuwar nan, da ruwan makuba, domin ƙarfi. Sama kuwa makuba ba ta taɓawa, don baƙanta wuri take yi. Sama farar tsakuwa ce da farar ƙasa, a kwaɓa da ruwan dafara, jijiyar nan da ake dakawa a jiƙa har ta yi yauƙi, ita take riƙe su kamar danƙo.

Tsakuwar a wurin Maman Rifkatu muke samu, wata mutuniyar kudancin jiha da take fasa dutse a gindin tsauni ta hanyar Yelwa. Kowa in ya je wurinta cewa yake a cika masa mota, mu kaɗai muke cewa a tsince mana masu haske. Da farko ta ɗauka Malam ba shi da lafiya. Ta ce mini, "Mijinki dutse zai saya ko shinkafa, da yake tsinta haka?" Daga baya ita da kanta take ware mana tun a wurin fasawa, tuli guda a gefe, ba ta sayar wa kowa ko mun yi jinkiri. Ita ba ta aiki ranar Lahadi, mu ba ma yi ranar Juma'a, a haka muka yi shekaru ba mu taɓa saɓawa ba. Ranar sadakar ukun Malam ta zo da sandarta, ta zauna kusa da ni, ta ajiye mini farin dutse ɗaya a cinya.

Ranar da lungu ya bushe, Malam ya ce sai an gwada a gaban kowa. Aka jira har ladan ya kira azahar, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Na cire takalmi na tsaya a tsakiya. Ya ce in karanta Fatiha, in na kai ƙarshe ban ɗaga ƙafa ba, aiki ya yi. Na karanta har amin ina tsaye. Wanda ya yi masa ba'a ya ce shi ma sai ya gwada, ya tsaya, ya tsaya, sannan ya ce, "To a je titi a gani." Suka ɗunguma babban titi, bai gama bisimilla ba ya yi tsalle ya faɗa inuwa. Tun daga ranar Malam ya sa mini suna Injiniya. Duk inda muka yi aiki, in mai wuri ya ce an gama ko, sai ya ce, "Sai Injiniya ta duba."

Ku da aka haifa a lungun nan ba ku san abin da kuke da shi ba, don ba ku kwana a wani ba. Kwalta tana shan rana tun safe, in magariba ta yi sai ta fara amayar da ita. Shi ya sa mutanen bakin titi ba sa iya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida sai dare ya raba. Mu kuwa ana idar da isha'i tsofaffi sun baje. Mai shayi ya baro titi ya dawo bakin rijiya. Mai ƙosai ta biyo shi. Yara suna tafiya makarantar allo ba takalmi ba mai kuka. Daga nan aiki ya fara neman mu. Harabar masallatai muka fi yi, inda mutane ke tsayawa sahu ba takalmi ranar Juma'a. Maman Rifkatu ta kai mu harabar cocinsu. Masu gidajen haya a Yelwa suka kira mu, don ɗalibai sun fi son gidan da za su iya zama a tsakar gida su yi karatu. Malam ya bar aikin kwalta gaba ɗaya.

Aikin da ya kusa kashe sana'ar nan a Wunti muka yi shi. Wani Alhaji ne attajiri mai jerin shagunan teloli, kullum cikin farar shadda. Ya kama hannun rigarsa ya nuna wa Malam, ya ce, "Irin wannan nake so. In ka ga ƙofar shagunana daga nesa ka ɗauka an shimfiɗa yadi." Mu ma abin ya burge mu, domin a tunaninmu iya fari iya sanyi. Muka tankaɗe farar ƙasa kamar garin tuwo, muka rage tsakuwa, muka goge saman da dutsen guga har yana sheƙi. Na taka da azahar, sanyi kamar gindin randa. Alhaji ya yanka mana kaza.

Mako bai zagayo ba teloli suka fara kuka. Ƙasa ta ƙi karɓar rana, sai take watsa musu ita a fuska. Ba mai iya zura zare a allura, ido na ruwa. Mai tafiya ƙafarsa na cikin sanyi, fuskarsa na gasuwa. Suka rataye buhuna a ƙofofin shago, masu kawo ɗinki suka ɗauka an rufe. Da ruwan farko ya sauka kuwa, wurin ya yi santsi kamar sabulu, wani ɗan acaɓa ya zame da fasinjarsa, Allah ya kiyaye ba karaya. Farar ƙasar ta bi kwata tana gudu kamar an ɓarar da nono. In mun ratsa Wunti sai ka ji teloli, "Ga masu hoda nan! Baba, a zo a shafa mana a fuska!"

Shekarar nan ba wanda ya kira mu. Har harabar da muka riga muka yi alkawari aka aiko a ce a dakata. Na koma daɓen ɗakunan amare. Malam, da girmansa, ya je ya zauna kusa da Maman Rifkatu yana fasa dutse da guduma. Wata rana tuwo ba miya, wata rana kunu kawai. Ban taɓa jin ya zagi Alhaji ba, ko telolin. Cewa yake, "Gaskiyarsu. Mun tambayi ƙafa, ba mu tambayi ido ba." Kullum in ya dawo sai ya kwaɓa ɗan wani haɗi a kwanon sarki, ya shafa a ƙasa a bayan gida tafi ɗaya tafi ɗaya, kowanne faɗin tafin hannu, wannan da toka, wannan da jar ƙasa kaɗan, wannan da garin dutse. Bayan gidanmu ya zama kamar jikin zabo. Da azahar ni in taka, shi ya tsaya ya zuba wa wurin ido ya ga ko zai ƙifta.

Ranar da aka dace, na kawo masa fura ne yana tsugune a wurin. Ya karɓi ƙwaryar, ya dube ta, ya dubi wani tafi a ƙasa, ya ajiye ƙwaryar kusa da shi. Launinsu ɗaya. Na taka, na kai amin. Ya kalla, bai ƙifta ba. Ya ce, "Injiniya, ashe shekara guda muna neman abin da muke sha kullum." Da rani ya kama ya ɗauki diga ya tafi Wunti, ba wanda ya aike shi, ya farfasa aikin nan da hannunsa muka sake shi launin fura, da tsakuwa a fili. Ya haƙa ramuka ya dasa dogon yaro a gaban shagunan. Telan da ya fi kowa yi mana tsiya shi ya ɗinka masa rigar sallah a shekarar, ya ƙi karɓar ko sisi.

To ku saurara da kyau, Hauwa ki rubuta wannan da manyan baƙi. Kada ku zuba sabo a kan ruɓaɓɓe. Ku bi lungun da madaɓi kuna ƙwanƙwasawa, duk inda ya amsa kamar ganga ku fasa har ƙasa. Madaɓaina suna rataye a zaure, rolar Malam tana bayan gida ƙarƙashin langa-langa. Ku fara gyara kwata kafin ku taɓa hanya, domin ruwa ne yake cin daɓe, ba ƙafa ba. Ku ja igiya ku tayar da doro. Burji da makuba a ƙasa, ku danne da rola har in mutum ya taka da diddige ba alama. Sama tsakuwa mai haske kamar girman wake, da farar ƙasa, da garin dutse, da dafara. Ku ƙara siminti kaɗan, Malam ma ya yarda da shi a ƙarshe saboda keke da babura, amma in ya yi yawa zai yi duhu. Ku dama fura ku ajiye kusa da kwaɓin, in ya fi ta fari ku ƙara garin dutse, in ya fi ta duhu ku ƙara farar ƙasa. Kada ku goge saman. In kun shafa ku ji shi da kaushi kamar harshen kyanwa. Kuma ba Asabar ɗaya ba ce. Zai tsage, ku koma. Zai sake tsagewa, ku sake komawa. Ku roƙi iyayenku mata su fito, da yawansu sun yi aiki a hannuna, sun san waƙar. Kada kunya ta hana ku durƙusawa a bayansu.

Ba zan ruɗe ku ba. Daɓe ba ya ɗaukar babbar mota, kuma kowace shekara yana son hannu. Kwalta in an zuba an huta. Malam da kansa yakan ce babban titi sai kwalta. Amma lungu ba titi ba ne, a nan ake zama, a nan yara ke rarrafe. Bara wasu ɗalibai suka zo daga Yelwa da wani ɗan abu kamar bindiga, in sun nuna ƙasa sai ya faɗi zafinta. Suka auna lungu, suka auna titi, suka ce a wasu manyan biranen duniya ma an fara yi wa hanyoyi launi mai haske saboda zafi. Malam ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa. Ya juya abin nan a hannunsa yana sa wa wanda ya ƙera shi albarka. Ya ce musu, "Naku ya fi sauri, amma nawa yana dafa tuwo." Ya nuna ni.

A lokacin ƙafar ta riga ta fara ba shi wahala. Wani miki ne ya fito a tafin, bai ji shi ba, ni kuma idona ya rage ban gan shi da wuri ba. Daga nan bai ƙara fita ba. A watannin da ya kwanta aka haƙa lungun aka sa bututun ruwa, aka cike ramin da abin da aka samu, wani wuri baƙar ƙasa, wani wuri guntun kwalta. Damina ta ci gefe. Yana kwance yana jin ƙarar baro da diga, yana tambayata me ake yi, ni kuwa ina cewa gyara ne.

Ranar da zai rasu farkon bazaran nan ne, ana gab da kiran azahar. Ɗanmu yana zaune a gefensa, ni ina yi masa fifita. Ya buɗe ido ya yi mini magana, ya aike ni waje. Na ajiye mafici na fita, na cire takalmi a bakin zaure. A ƙofar gidanmu, inda aikinmu na farko yake har yanzu, na tsaya na karanta Fatiha har amin, ƙasa lafiya lau kamar ranar da muka gama ta. Na matsa gaba inda aka yi faci, ƙafata ta ƙone. Na daɗe a tsaye a zaure ina shawarar wanne zan gaya masa. Da na shiga, na tarar ɗanmu ya rufe masa ido. Ya ce ya cika da kalmar shahada, Allah ya sa ya huta.

Aiken nan yana wuyana har yanzu, ban kai amsa ba. Shi ya sa nake roƙonku. In kun gama, kafin ruwa ya sauka, Ɗanlami ka jira kiran azahar, ka cire wannan takalmin naka mai igiya, ka tsaya a wurin facin nan ka karanta Fatiha. Kada ka sa hannu, ka taka. Sannan ka zo bakin ƙofa ka gaya mini, yadda ni ma aka aike ni.

Abin da Malam ya ce mini ke nan ranar, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ɗan murmushi:

"Injiniya, ajiye maficin nan. Je ki taka mini lungun, ki zo ki gaya mini ko da sauran sanyi."